Akushin Tumatur

A garin Zabendi, can ƙasar Bissa kusa da kogin Nakambe, ba a tambayar namiji ko ya je Italiya, sai dai a tambaye shi me ya dawo da shi. Wani ya dawo ya tayar da bene, wani ya sayi motar ɗaukar albasa, wani ya kai uwarsa Makka. Shi kuwa Salfo Zampu da ya dawo, abin da aka gani a hannunsa keke ne siriri marar birki, da wata matsattsiyar riga rawaya, da baki.

Bakin nan kuwa ya fi keken gudu. Cewa yake a can shi zakaran tseren keke ne, Turawa na tashi tsaye in ya shigo suna kiran "Kampiyone! Kampiyone!" To, duk garin an san aikin da ke kai maza Italiya, tsinkar tumatur ne a gonakin mutane, kuma ba wanda ke jin kunyarsa. Da Salfo ya yi shiru da an bar shi. Amma ranar da dangi suka taru aka buɗe akwatinsa don rabon tsaraba, sai ga gwangwanayen tumatur jere har baki. Tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace, yaro da babba sai Tumatur.

Sunan nan yana ci masa rai ƙwarai, ba da wasa ba. Ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya raba wa yara alewa don su ce Kampiyone, suka shanye alewar suka ce, "Mun gode, Baba Tumatur." Ya daure har ranar da jikarsa Alizeta ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce mata jikar Tumatur, har an tambaye ta ko a kwando aka haife ta. Salfo ya share mata hawaye da gefen rigarsa, ya ce, "Yi shiru, amaryata. Kafin damina ta kankama, garin nan kaf zai kira kakanki da sunansa na gaskiya. In ban sa sun yi ba, ki canza miji."

Washegari ya sa rigar rawaya, tumbi ya turo ta gaba, ya nufi rumfar Bapiyo mai gyaran keke. Bapiyo Bagurunshe ne, kuma tsakanin Gurunsi da Bissa akwai wasan taubasai tun na kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba mai fushi.

Bapiyo ya ɗago kai daga tayar da yake liƙi, ya ce, "A'a, bawana, yau kuma wa ya cusa ka cikin safa?"

"Rufe min baki, maci kare. Belodoromo zan gina a garin nan."

"Allah ya sawwaƙe. Tun yaushe take damunka?"

"Ba cuta ba ce, jahili! Filin tseren keke ne. Zagayayye, gefensa a tashe kamar bango, tsakiyarsa a lotse. Mutum ya hau jikin bangon da keke yana gudu a karkace, bai faɗuwa."

"Me ke riƙe shi?"

"Gudu."

"In ya gaji fa?"

"Kampiyone bai gajiya."

Bapiyo ya gyaɗa kai, ya ce, "Wato akushi za ka gina. To madalla. In ka gama sai mu cika maka shi da gyaɗa, ka shiga ciki ka zauna har ka mutu, na san ba Ba-Bissan da zai nemi aljannar da ta fi wannan."

Gaskiyar magana, Salfo ya taɓa ganin irin filin nan. Sau ɗaya ne, ranar da aka ɗauke su kwasar shara a bayan wani filin tsere can Italiya, ya leƙa ta ƙofa yana riƙe da tsintsiya har mai gadi ya kore shi. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Sai maganar fili. Wurin da ya dace a idonsa shi ne kwarin da ke bayan kasuwa, inda matarsa Zalisa ke shuka kuɓewa da damina. Da ya taya mata, ko ɗago kai ba ta yi ba daga ɓarar gyaɗar da take yi.

"Maigida, ka tafi shekara da shekaru, kuɓewar nan ce ta riƙe gidan nan. Ka je ka gina bolo-bolonka a kan dutse."

"Ke ba ki gane ba ne." Ya jawo akushin tuwo ya ajiye a gabanta. "Kin ga nan gefen, nan keke ke bi. Nan tsakiya kuma a haƙe shi, ƙasar da aka haƙo da ita za a tayar da gefen."

Hannun Zalisa ya tsaya. Ta dubi akushin, ta dubi mijinta. "A haƙe? Zurfinsa kamar yaya?"

"Mutum ya tsaya a ciki ba a ganin hularsa."

"Faɗinsa fa?"

"Duk kwarin."

Sai ta ce, "Ai ban san abin alheri ba ne haka. Ɗauki kwarin. Daɓe kuma ka bar wa mata, mu za mu yi maka."

Salfo ya fita yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa mace sai da bayani. Bai tsaya ya tuna ba cewa ruwa ba ya tsami banza.

Aka yi gayya. Samarin gari suka fito da diga da shebur, saboda Salfo ya yi musu alkawarin shinkafa da wake kullum, kuma duk wanda ya yi aiki zai zama ɗan tsere har a gan shi a talabijin. Shi kuwa yana tsaye a kan tudu cikin rigar rawaya, ba igiya ba ma'auni, sai ya rufe ido ɗaya ya miƙa babban yatsa, ya ce a ƙara nan, a rage can. Kwanar gabas ta samu ƙasa har ta yi tsayin soro, a tsaye ƙyam. Kafin a zo kwanar yamma ƙasa ta ƙare, wake ma ya ƙare, sai aka bar ta iya ƙugu.

Bapiyo ya zo kallo, ya ce, "Bawana, akushin naka ya karkace."

"Haka na Italiya yake. Wancan ɓangaren na gwanaye, wannan na 'yan koyo."

Ranar da aka haɗe zagayen aka yi ta tafi da guɗa. Ana cikin murna sai aka ji kuka daga tsakiyar ramin. Jakin Madi mai amalanke ne, wanda ke kwaso ƙasa, yana ciki shi da amalankensa, an zagaye shi da gini ba ƙofa.

Madi ya ɗora hannu a ka. "Tumatur, ta ina jakina zai fita?"

"Wa kake kira Tumatur?"

"To Kampiyone, ta ina jakina zai fita?"

Salfo ya sosa ƙeya. Sai a lokacin ya tuna cewa a can ta ƙarƙashin ƙasa ake shiga. Aka ja jakin ta kwanar yamma, ya turje. Aka tura shi ta baya, ya harbi ɗan liman a gwiwa. Aka nuna masa dusa, ya hau rabi ya sulalo da gindi ya zauna yana kallon jama'a. Daga ƙarshe Bapiyo ya ce a fasa gefe guda a yi ƙofa kowa ya huta. Har Salfo ya buɗe baki zai yarda, sai ga Zalisa ta ratso taro.

"A fasa me? Aikin Italiya guda za ku fasa saboda jaki? Maigida, kada ka bari su ɓata maka suna."

Salfo ya ji daɗi har cikin ransa. Ya ce ba za a fasa ba. Aka ɗaure jakin da igiya, ƙarti suka ja shi sama kamar guga, yana kuka Madi yana kuka. Mutane kuma aka kafa musu tsani.

Tsoho Lingani, mai ƙasar garin, wanda ba a sara gatari a daji sai da izninsa, shi ma ya dogaro sandarsa ya zo. Ya daɗe yana leƙen ramin, sannan ya ce, "Ɗana, in sama ta zubo, ruwan ta ina zai fita?"

Salfo ya yi dariya irin ta wanda ya ga duniya. "Baba, na rantse maka, wanda na sani a Italiya ban taɓa ganin ɗigon ruwa a cikinsa ba."

Bai yi ƙarya ba, don wancan rufi gare shi. Tsoho ya buɗe baki zai ƙara magana, Zalisa ta durƙusa ta miƙa masa ƙwaryar kunun zaƙi, ta ce, "Baba, sha ka jiƙa maƙoshi, rana ta yi zafi." Tsoho ya dube ta, ya dubi ramin, ya karɓi ƙwarya ya kafa kai ya shanye.

Daɓen da matan Zabendi suka yi wa wurin nan, ko ɗakin amarya bai taɓa samun irinsa ba. Tun da safe suke sauka da madaɓai da tulunan makuba, suna waƙa suna bugu. Salfo ya ce musu gefen kawai ake bukata, tsakiya ba a hawanta. Suka ce ai aikin Kampiyone ba a yi masa rabi da rabi, suka kawo laka mai danƙo suka shimfiɗe tsakiyar, suka daɓe, suka sake daɓewa. Da suka gama sai Salfo ya ce na Italiya ƙyalli yake yi, a shafe gefen da ruwan man kaɗe. Wata tsohuwa ta ce zai yi santsi fa. Ya ce santsin shi ne gudun.

Saura 'yan tsere. Ya tara samarin a rumfar Bapiyo, ya ce keken belodoromo ba ya da birki, kuma fedarsa ba ta hutawa, in taya na juyawa ƙafa na juyawa. Don haka kowa ya kawo kekensa a cire birki, a liƙe firiwil na tayar baya da walda.

Bapiyo ya ce, "Ni dai aikina a kawo in kwance. Amma ku shaida, Bagurunshe bai ce a yi ba."

Abin da Salfo ya manta shi ne, a Zabendi keke ɗaya ne a gida. Shi ake zuwa gona da shi, shi uwa ke kai albasa kasuwa, shi uba ke zuwa Juma'a. Ranar kasuwa ta zo, gangaren da ke shiga kasuwar ya zama abin kallo. Matar mai unguwa ta shigo da buhun albasa a baya, ƙafafunta na wulwulawa ba da sonta ba, tana salati, ta wuce rumfarta, ta wuce ta maƙwabciyarta, ta ƙare cikin tukwanen mai tukwane. Ladan ya matsa birki ya ji wayam, ya ratsa layin butocin alwala, bai tsaya ba sai cikin garken awakin Fulani. Madi kuwa, da ya hango yayarsa ta taho ba birki, sai ya rungume wuyan jakinsa ya ce, "Wannan karon tare za mu mutu."

Kafin la'asar iyaye suka yi cincirindo a ƙofar gidan Salfo, kowa da ƙarfen birki a hannu. Ya fito ya ce musu haka ci gaba yake, da farko sai an ɗan ji jiki. Matar mai unguwa, goshinta a kumbure, ta ce, "To ci gaban ya tsaya a kanka, Tumatur. Duk ɗan da ya hau akushin nan, nonona bai yafe masa ba." Sauran mata suka ce sun bi. A yini ɗaya 'yan tsere suka watse, ya rage daga Kampiyone sai rigarsa.

Bai karaya ba. Ya ce dama zaki shi kaɗai yake farauta. Ya sa ranar buɗewa, ya gayyaci magajin gari, da makaɗa, da mai ɗauko labari na gidan rediyo, ya sa Zalisa ta tanadi kaji na baƙi. Alizeta kuwa ya saya mata sabon ɗankwali, ya ce ta zauna a gaba ta buɗe kunne da kyau.

Ana gobe buki, da azahar, hadari ya taso daga gabas. Ruwan farko ne, amma ya zo kamar na tsakiyar Agusta. Duk ruwan da ya sauka a kasuwa da unguwannin tudu ya bi hanyar da ya saba bi tun kafin a haifi Salfo, ya gangaro kwari, ya tsallake kwanar yamma ta 'yan koyo, ya shiga akushi. Daɓen mata kuwa ya riƙe amana, ko ɗigo bai tsere ba.

Da gari ya waye jama'a suka hau gefen gini suka tarar da tafki shimfiɗe, ruwa ya cinye tsakiya ya hau rabin hanyar keke. Salfo ya ce ba komai, ai saman ne na gwanaye. Yana rufe baki wani gungume da ke yawo a tsakiyar ruwan ya buɗe ido.

"Kada! Kada!"

Aka ja da baya, mata suka janye yara. Salfo ya ce a kira maharba. Tsoho Lingani ya buga sandarsa a ƙasa.

"A kira wa? Wannan kakanmu ne. Shi ya goya na farkonmu ya haye da shi Nakambe. Ya bar kogi guda ya biyo ruwa ya zo gidanka, ɗana, kai ka san girman da aka yi maka? Wanda ya jefe shi ko da tsakuwa ne, ya nemi wani gari."

"To Baba, ko za a roƙe shi ya ɗan koma, zuwa gobe?"

"Kai kakanka in ya zo gidanka cewa kake ya koma?"

Nan fa Salfo ya shiga neman hanyar zillewa. Ya fara cewa a gaskiya a Italiya in an yi ruwa ɗage tsere ake yi. Bapiyo ya ce, "Af, ba kai ka ce can ruwa bai shiga ba?" Kafin Salfo ya amsa sai ga motar magajin gari, makaɗa suka saki ganga, mai rediyo ya ɗora masa abin magana a baki. Ya waiga, ya ga Alizeta a sahun gaba da sabon ɗankwali, ta kafa masa ido tana murmushi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya ce a kawo keke.

Aka hau da keken ta tsani. Salfo ya kifa rabin ƙwarya a ka ya ɗaure da tsumma a haɓa. Ya hau, Bapiyo ya riƙe masa sirdi. Saboda idon jama'a sai ya ƙara da cewa a ɗaure masa ƙafafu a jikin feda da roba, haka gwanaye ke yi.

Bapiyo ya rage murya. "Bawana, wannan kam da ka bari."

"Ɗaure, maci kare. Mai rediyo na kallo."

Bapiyo ya ɗaure tam, ya ce bismillah, ya tura.

Da farko tayar baya ta ɗan zame a kan man kaɗe, keken ya yi ƙasa wajen ruwa. Kakan gari ya juyo da hancinsa. Salfo ya ga haka, ya danna feda da ƙarfin da bai san yana da shi ba, sai ga keke ya miƙe ya hau sama. Ya shiga kwanar gabas mai tsayin soro, ya kwanta a karkace kamar ƙadangare a bango, ya fito lafiya. Wallahi ya fito! Jama'a suka ɓarke da ihu. Makaɗa suka canza kiɗa. Wani daga baya ya ce "Kampiyone!" saura suka amsa, har magajin gari ya miƙe tsaye. Abin da Salfo ya yi shekaru yana nema ga shi yana shiga kunnensa, amma bai samu sukunin jin daɗinsa ba, domin ya gano wani abu da ba a gani ta ƙofa da tsintsiya a hannu. Bai san yadda ake tsayawa ba.

In ya sassauta, keke ya zame ƙasa. Birki babu. Ƙafa a ɗaure. Kadan kuwa, ko don bai taɓa ganin irin wannan ba, sai ya shiga bin sa a hankali ta cikin ruwa, Salfo na zagaya babba shi yana zagaya ƙarami.

Duk zagayen da zai wuce gaban rumfar baƙi, 'yan kalmomi kawai yake samu ya jefa.

"Bapiyo!"

Ya wuce. Mai rediyo ya ce, "Jama'a, yana gaida masoyansa!"

Ya sake zagayowa, ƙwarya ta karkace ta rufe ido ɗaya. "Tsayar da ni!"

Bapiyo ya sa hannu a kunne. Da Salfo ya sake dawowa, Bapiyo ya ce masa, "Ai Kampiyone bai gajiya!"

"Na gaji!"

"To ba shi ba ne ke nan. Wa ke magana?"

Ya wuce. Numfashinsa har rumfa ana ji, rigar rawaya ta yage a hammata. Tayar ta sake zamewa, ruwa ya fantsama, kakan gari ya buɗe baki ya yi hamma. Da Salfo ya zagayo wannan karon, da iyakar muryarsa ya kwarma, a gaban magajin gari, a cikin abin maganar gidan rediyo:

"Tumatur ne! Tumatur ke magana! Ku cece ni don Allah!"

Kiɗa ya tsaya cak. Sai dariya ta tashi, irin wadda ke sa mutum ya zauna a ƙasa. Amma Bapiyo bai tsaya dariya ba, tuni ya tuɓe riga yana gudu ta saman gini. Zalisa kuma ta fizgo kaza ɗaya daga cikin na baƙi, ta durƙusa ta ce, "Kaka, ga gaisuwa," ta wurga ta can gefen gabas. Kada ya bar mai keke ya bi kaza.

Salfo ya iso kwanar yamma ƙafafunsa sun mutu. Kwanar nan kuwa ta sha ruwa tun jiya ta yi laushi kamar tuwon da bai nuna ba. Tayar gaba ta nutse, keke ya tsaya, mai keke bai tsaya ba. Gefen ginin ya zame da shi gaba ɗaya a hankali, ya ajiye shi cikin taɓo har wuya, ƙafafu a sama da keke ɗaure a jikinsu, taya na ta juyawa. Bapiyo ya faɗa ya yanke robar, Madi ya kawo igiya. Jakin nan dai da aka taɓa ja daga ramin, shi aka ɗaura wa igiyar ya jawo Salfo waje.

Yana zaune a bakin gini, taɓo har cikin kunne, bai iya ɗaga ido ya dubi kowa ba. Ba ciwon jiki ya dame shi ba, alkawarin da ya yi wa yarinya ne. Sai ya ji ƙaramin hannu yana goge masa fuska da sabon ɗankwali.

Ya ce, "Amaryata, sai ki canza miji."

Alizeta ta ce, "Ban canzawa. Kaka, ka ga yadda ka hau bango kuwa? Kada ma bai kamo ka ba!"

Da suka koma gida Zalisa ta dafa masa ruwan zafi tana gasa masa cinya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Uwar yara, ranar da na nuna miki akushi, me kika gani?"

"Abin da ka nuna min."

"Zalisa."

Ta matse tsumma. "Maigida, tun ina amarya matan garin nan ke roƙon maza su haƙa mana tafki mu yi lambun rani. Kullum sai a ce baɗi. Sai ga ka da samari da diga da wakenka. In na ce maka tafki ne, za ka haƙa?"

Salfo ya kau da kai. Daga baya ya ce ta ƙara ruwan zafi a gwiwar hagu.

Damina ta wuce, rani ya shigo, rijiyoyi suka ja baya, akushi na nan da ruwansa. Mata suka gyara kwanar yamma, suka yanka hanyar keke fala-fala suka mai da ita kwamin lambu. Kakan gari ya zama mai gadi, ko akuya ba ta kusantar wurin, ladansa kaza duk ranar kasuwa. Abin da suka shuka kuwa ba sai an faɗa ba. Ya yi kyau har manyan motoci suka fara zuwa daga Gana suna lodi, yaran mota in sun iso mararraba sai ka ji suna, "Akushin Tumatur, akwai mai sauka?" Alizeta ma yanzu in an ce mata jikar Tumatur, sai ta ce, "Ni ce. Kwando nawa za a ba ku?"

Salfo bai daina zama a rumfar Bapiyo ba, bakinsa kuma bai mutu ba. Yanzu cewa yake tun farko tafki ya yi niyya, keken dabara ce ta sa samari aiki, don in ba ka yi wa mutanen Zabendi wayo ba ba sa motsi. Bapiyo ya ce, "Haka ne, bawana. Har ihun ma dabara ce."

Suna cikin haka wata Asabar sai ga wani baƙo ya sauko daga mota, da alama daga wani gari aka aiko shi. Ya yi sallama, ya ce yana neman gwanin da ya gina tafkin nan, su ma suna son irinsa. "An ce min in tambayi wani wai shi Tumatur."

Kowa a rumfar ya zuba wa Salfo ido. Ya gyara zama, ya ja rigar rawaya mai faci ta rufe cibiya, ya miƙa wa baƙo hannu.

"Na'am, ga ni. Ai ko a Italiya sunan da Turawa suka san ni da shi ke nan."